Hannun Hagun Sale

Ku tambayi duk mai shiga tashar Dogon Dutsi, za a gaya muku Hajo mai shinkafa da wake ba matsoraciya ba ce. Na yi faɗa da ƴan kamasho, na yi da direbobi, na taɓa cin kwalar wani ƙato da ya zage ni a gaban tukunyata. Amma wallahi bara na ji tsoron da ya hana ni haɗiye ruwa, kuma abin da ya ba ni tsoron hannun ƙanena ne, Sale, wanda na goya a bayana. Shi ya ce in ba da labarin nan, ko wani gida ya tsira daga abin da ya kusa samun namu.

Sale makanike ne, gyaran babur yake yi a bakin godiro, wato titin kwalta. Iyayenmu sun rasu, ni ce babba, don haka duk abin da ya same shi ni ake fara nema. Yana da mata, Rabi, yarinya mai haƙuri, da ɗiyarsu ƙarama Nana. Bayan an gama yankan hatsi ya hau babur ya tafi kasuwar Ɗan Kassari. A hanyar dawowa amalanken jaki ya fito masa daga cikin gona, ya kauce, ya faɗi da ka. Ba kask a kansa, wato hular kwano. Kask ɗin yana garaji a kife, ya mai da shi kwanon ajiye bujin babur da ƙusoshi. Sau nawa na yi masa magana, kullum amsa ɗaya ce: "Yaya, zafi."

Da anka kawo shi ba ya motsi, ba ya amsa sunansa, kuma jikinsa ba wani ciwo sai ɗan ƙurji a kunne. Daga Dutsi anka tura mu Dosso, daga Dosso anka ce Yamai. Ni ina cikin ambilans riƙe da ƙafarsa ina ta kiran sunansa kamar mahaukaciya. A Yamai na sha layi, na sha "ki koma can", ga Zabarmancina na sayen tattasai ne kawai. Allah Ya saka wa wata tsohuwa ƴar Gaya da ta raba tabarmarta da ni a ƙarƙashin dogon yaro, ita ta riƙa nuna mani ƙofar da zan bi. Anka sa kansa a sikanar, wato na'urar hoton kai. Wani likita ya fito yana sauri, takarda a hannu, ya ce mani: "Sikanar ba ta nuna komai ba. Ba jini, ba karaya." Ya wuce.

Bayan ƴan kwanaki Sale ya buɗe ido, ya gane ni, ya nemi fura. Anka sallame mu. Na dawo Dutsi ina guɗa a zuci, duk wanda ya zo dubiya sai in maimaita masa maganar likita da alfahari: an duba kansa, ba komai.

Satin farko barci ne da ciwon kai da mantuwa. Zai tambaye ka abu, ka ba shi amsa, ya sake tambaya. Munka ce ai wanda ya sha irin wannan faɗuwa dole ya yi sanyi.

A sati na biyu Rabi ta zo mani tasha da safe, fuskarta ba daɗi.

"Yaya, zo ki ga yadda yake sa riga."

"Ke Rabi, ina da tukunya a wuta, ki ce in zo kallon sa riga?"

"Don Allah ki zo."

Na tarar da shi zaune a bakin gado. Hannun dama yana saka maɓalli, hannun hagu yana biye yana ɓallewa. Ya saka, ya ɓalle. Ya saka, ya ɓalle. Dariya na yi, na ce kai Sale, da girmanka kake wasan yara? Ya ɗago ya dube ni, gumi yana zuba masa.

"Yaya, ba ni ba ne."

Na daina dariya. Ya kama hannun da na dama ya danne shi a cinya, ina kallo yatsun suna ta motsi suna neman rigar. Na ja da baya har na bugi ƙofa.

Daga ranar abin ya yi ta gaba. Ya buɗe ƙofa, hannun ya rufe. Ya kai kofi baki, hannun ya janye. Ya gwada komawa garaji, ya ɗaure noti da dama, hagun ya ɗauki kile, wato sifana, ya kwance shi tsaf, kamar wani makaniken ne na daban. Wata rana ina zuba masa kunu ya fizge mani ɗankwali, na saki ludayi na yi tsalle. Sale ya ce, "Yi haƙuri, Yaya," yana kallon ƙasa.

Abin da ya karya shi ranar sunan ɗan maƙwabcinsu ne. Maza sunka zagaye kwanon tuwo, shi ma ya zauna, ya danne hannun a ƙarƙashin cinyarsa. An fara ci ke nan hannun ya sulale ya fito, ya faɗa tsakiyar miya. Hannun hagu, jama'a, hannun tsarki, cikin kwanon da dattawan unguwa ke ci. Ɗaya bayan ɗaya kowa ya ce alhamdulillahi, ya janye, ya nemi ruwan wanke hannu. Sale ya tashi ya shige gida, bai ƙara fita ba. Masallaci ma ya daina zuwa, yana tsoron abin da hannun zai yi wa na kusa da shi a sahu.

Nan ne dangi sunka haɗu sunka yanke magana, kuma maganar ba ta yi wuyar yankewa ba. Tunda likita ya duba kai ya ce ba komai, to ciwon ba na asibiti ba ne. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san abin da ake nufi da wannan. Ni ma ban yi musu ba, mi zan ce? Da kunnena na ji an ce ba komai.

Gwaggo Tani, ƙanwar babanmu, ta zo daga ƙauyensu kusa da Lugu a bisa amalanke. Tsohuwar ƴar bori ce, kuma ta ƙaunace mu tun muna ƙanana. Da ta shiga ba Sale ta fara gaisarwa ba. Ta durƙusa ta gefen hagunsa ta gaida hannun a hankali, irin gaisuwar da ake yi wa babban baƙo. Ta tambayi inda ya faɗi, anka ce kusa da wani tsohon gawo. Ta jinjina kai.

"Doguwa ce. Ba ɓarna taz zo yi ba, doki take so. A yi mishi girka, shi huta, mu huta."

Doki shi ne mutumin da iska ke hawa. Girka kuwa ita ce shigar da mutum bori, a daidaita shi da iskar da ta kama shi, ya zauna da ita iyakar rayuwarsa. Sale ya ce ko kusa. Dangin Rabi kuwa sunka kawo wani malami mai ruƙiyya. Yana cikin karatu hannun ya miƙe ya zare carbin da ke wuyan malamin. Malam ya ce kun gani, aljani ne, karatun ya ƙone shi. Gwaggo daga bakin ƙofa ta ce kun gani, ba ta son hayaniya. Sunka kaure da gardama a tsakar gida, ni ina tsakiya ina rabo, mai ciwon yana ɗaki yana jin komai. Ya sha rubutu, ya sha hayaƙi, Gwaggo ta ɗaura masa laya mai zoben ƙarfe a damtse. Hannun bai fasa komai ba. Daga baya Sale ya yanko robar taya ya riƙa ɗaure shi a ƙugunsa.

Wata rana da hantsi ya kwance robar don ya yi alwala, Nana ta rugo ta faɗa jikinsa. Hannun ya kama damtsen yarinyar ya riƙe. Ta fara dariya, sannan ta fara kuka, sannan ta ƙwalla ƙara. Sale yana dukan hannun da na dama yana cewa sake ta, sake ta! Ni da Rabi munka riƙa ɓamɓare yatsun ɗaya ɗaya. Sai da shatar yatsu ta fito a jikin yarinyar. Yinin nan ko abinci Sale bai taɓa ba.

Kashegari da rana tsaka Rabi ta faɗo tasha ba takalmi, ta ce ya fita kuma ya kulle kansa a garaji. Ban san yadda na isa ba. Na sa kafaɗa na ɓalle ƙyauren garajin. Ya sa hannun cikin ƙarfen nan da yake matse ƙarfe in zai yanka, ya ɗaure shi tamau, zarto yana hannun dama, jini yana ɗiga a ƙasa. Ya riga ya fara daga wuyan hannu.

Na faɗa kansa na riƙe zarton. Ina ta cewa "Sale, Sale" kawai.

"Yaya, sake ni. Ba hannuna ba ne. Gobe wuyan Nana zai kama."

"Uwarmu da hannu biyu ta haife ka!"

"Wanda ta haife ni da shi ya mutu a hanyar Ɗan Kassari. Wanga na wani ne."

Bai yi ihu ba, a hankali yake maganar, kuma wannan ya fi komai firgita ni.

Munka kai shi asibitin Dutsi ɗinki. Majo, wato babban ma'aikacin jinya, wani dattijo ne mai cin shinkafata. Yana cikin ɗinkin yatsun sunka miƙe sunka ɗauke audugar da ke kan tire. Ya dakata. Ya tambayi tun yaushe, na ba shi labari duka har zancen sikanar. Ya ce shi bai taɓa ganin irin wannan da idonsa ba, ba zai yi mana ƙarya ba, amma sikanar ba komai take gani ba. Akwai wata na'urar da ake ce wa IRM, akwai kuma likitocin ƙwaƙwalwa a Yamai, mu koma. Allah Ya ba mutumin nan Aljanna.

Sale ya ƙi. Na yi lallashi, na yi zagi, na yi kuka, har na tuna masa zawon da ya yi mani a baya yana jariri. Daga ƙarshe ya ce zai tafi, amma da sharaɗi.

"In wannan ma ta ce ba komai, ki bar ni da hannun. Ki rantse."

Na rantse, don ba yadda zan yi in sa shi a mota. Tun daga lokacin kuma ban sake samun kwanciyar rai ba, domin na san ƙanena, abin da ya faɗa sai ya yi.

Na sayar da ragon da nake kiwo, Rabi ta sayar da kekenta na ɗinki, munka hau kar, babbar motar haya. A Yamai munka sauka gidan wata ƴar Dutsi da ke aure can. Randebu, wato ranar da anka sa mana ta ganin likita, sai da ya ci mana sati da wani abu, ranar da munka zo kuma anka ce na'urar ta tsaya, mu dawo. Na zazzage wa mai rubuta suna masifa, shi ko a jikinsa.

Daga ƙarshe munka ga likitar ƙwaƙwalwar. Mace ce siririya, ƴar wajen Maraɗi, ta ji Hausa, na gode Allah. Ta saurare mu har ƙarshe ba ta katse ni ba, abin da ba kowa ke iyawa ba. Ta ce Sale ya rufe ido, ta sa masa makulli a hannun hagu.

"Mene ne wannan?"

Yatsun sunka juya makullin, sunka riƙe shi daidai yadda ake riƙe makulli in za a buɗe ƙofa. Amma Sale ya ce, "Ban sani ba. Dutse ne?" Ta mai da shi hannun dama, nan take ya ce makulli ne. Ta gwada da cokali, haka. Ni na ce a raina shi ke nan, Gwaggo ta yi gaskiya, mai hannun daban ne. Ita kuwa likita sai ta ce "Yauwa," har da ɗan murmushi. Na ji kamar in mare ta. Mi ya yi daɗi a nan?

Ranar hoton anka ce kada ƙarfe ko ɗaya ya shiga ɗakin. Anka kwance layar Gwaggo anka ba ni, na ƙulle ta a bakin zane. Anka kwantar da shi, anka kifa masa wani abu kamar keji a ka, gadon ya shige cikin ramin na'urar. Ina hangensa ta gilashi. Na'urar ta fara ƙara kamar ana dukan kwanon rufi. Can sai na ga hannun ya taso, ya lalubi kejin, ya fara ja. Anka tsayar. Anka sake, ya sake.

Likitar ta fito ta ce mani hoton da take so na daban ne, sunansa difiziyon. Motsin ruwan da ke cikin ƙwaƙwalwa yake aunawa, motsi ne ɗan ƙanƙani ƙwarai, in kai ya gusa ko kaɗan aikin ya lalace. Ta ce irin wannan hannu yakan natsu in ya sami abin riƙewa.

"Hajiya, ki cire ƴan kunne da fil, ki shiga ki riƙe shi."

Tun ranar Nana ban yarda hannun nan ya taɓa ni ba. Na tsaya ina kallonta. Ta ce in ba haka ba sai a sa shi barci, wannan kuma wani randebu ne. Na tuna rantsuwata, na cire ƴan kunnen. Ɗakin sanyi ƙalau, anka toshe mani kunne, na tsaya gefen ramin na miƙa hannuna. Ya cafke ni. Wayyo Allah, ƙarfin makanike! Na ji ƙasusuwan yatsuna suna haɗuwa. Na runtse ido ina karanta duk abin da ya zo bakina, hawaye yana zuba, ina jira in ji ya hau zuwa wuyana. Bai hau ba. Ya matse, ya sassauta, ya matse, haka har na'urar ta yi shiru. Na fito yatsuna sun kumbura.

Na zaci a ranar za mu ji. Ina! Likitar ta ce hotunan farko sun nuna wasu ƴan ɗigo-ɗigo, amma ba za ta yanke magana a kansu ba. Hoton ruwan sai ta zauna da shi a ordinate, wato kwamfuta, ta yi lissafi, ta kuma nuna wa wani abokin aikinta. Mu dawo sati mai zuwa. Muna fita Sale ya ce, "Kin ji ko? Ba ta ga komai ba, kunyar faɗi take."

Satin nan ban san yadda na yi shi ba. Na tattara wuƙaƙen gidan mutane na ɓoye cikin buhun gawayi, matar gidan tana ta neman abin yanka albasa, ni na yi kamar ban ji ba. In ya shiga bayi sai in tsaya a ƙofa ina ƙirƙiro tari. Wata rana maƙwabci yana faskare a waje, na ga Sale ya zuba wa gatarin ido, sai na je na zauna tsakaninsu ina ta surutun banza. Rabi tana kira a waya, in ce mata lafiya lau. Abinci ya ƙi shiga, zanena har ya fara zamewa. Abu ɗaya nake roƙon Allah, kuma ban taɓa zaton zan roƙi irinsa ba: Allah Ka sa a ga ciwo a kan ƙanena.

Ranar da munka koma ta juyo mana da allon ordinate. Na ga wani abu kamar an zubar da zaren saƙa, ja da kore da shuɗi. Ina ganin jan na dafe ƙirji na ce innalillahi, jini!

"Ba jini ba ne, Hajiya, zauna. Mu muka sa launin."

Ta yi mana bayani a hankali, ga abin da na riƙe. Ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce. Ɓarin dama shi ke tafiyar da hannun hagu, ɓarin hagu shi ke da hannun dama, kuma ga yawancin mutane a nan magana take. A can ciki akwai abin da ta kira farin nama, wasu siraran zaruruwa ne masu kai saƙo daga wuri zuwa wuri. Na'urar ba ta ganin zaren da kansa, ya yi ƙanƙanta. Ruwa take bi. Inda zaren yake lafiya, ruwan jikinsa tsawonsa yake bi, kamar yadda yake bin cikin kara. Inda ya tsinke kuwa sai ruwan ya bazu ko'ina. Ordinate tana duba kowane ɗan gurbi ta ga ina ruwa ya fuskanta, sannan ta haɗa su ta zana hanya. Ja shi ne mai tafiya daga dama zuwa hagu, kore gaba da baya, shuɗi sama da ƙasa.

Ta nuna mana hoton wani mai lafiya. A tsakiyar kan akwai wani jan ɗauri mai kauri da ya haɗa ɓari biyun, ta ce wannan ita ce gada. Sannan ta buɗe na Sale. Daga gaba gadar tana nan da kaurinta. Daga tsakiya zuwa baya sai ta sirance, ta yi giɓi, ƴan zaruruwa kaɗan ne sunka tsallaka. Ko ni da ban yi lakwal ba, wato boko, na gani.

Ta ce lokacin da kansa ya bugi ƙasa ƙwaƙwalwar ta girgiza a ciki, zaruruwan sunka miƙe sunka tsintsinke ba tare da jini ya taru ba. Sikanar kuwa jini da ƙashi ta fi gani. Ta ƙara da cewa wannan hoton shi kaɗai yana iya ruɗin mutum, don inda zaruruwa sunka gitta juna lissafin yakan rikice, shi ya sa ba ta yi gaggawa ba. Sai da ta ga hoton ruwan, da ɗigon nan, da gwajin makulli duk wuri ɗaya sunka nuna. Hannun ya san makulli sarai, labarin ne bai tsallaka zuwa ɓarin da ke magana ba.

Sale ya matso da kujerarsa har hancinsa ya kusa taɓa allon. Can ya ce da wata irin murya:

"Likita, to wa ke cikin hannun?"

"Kai ne, Malam Sale. Ɓarin kanka na dama ne ke aikensa, ɗayan ɓarin bai samu labari ba."

"Har ranar da ya kama ɗiyata?"

"Ta faɗo jikinka, ya riƙe ta. Saƙon a sake ne bai iso ba."

Ya kifa kansa a teburinta ya fashe da kuka, irin kukan da ban ji ya yi ba tun rasuwar innarmu. Ni ma na taya shi, ba kunya. Na gaya mata zancen zarto da rantsuwata. Sai ta ce masa ko ya yanke hannun giɓin yana nan a inda yake, ya yi asarar hannu a banza. Ta ce ba za ta yi masa alkawarin warkewa ba, amma da yawa abin yakan lafa da watanni. Ya riƙa ba hannun abin riƙewa, ya riƙa kallonsa in zai yi aiki, ya faɗi abin da zai yi da baki, kuma ya je wurin masu motsa gaɓoɓi. Ta kuma haɗa shi da wani likitan da zai riƙa zama da shi saboda abin da ya yi niyya. Ni da shegen bakina na tambaye ta ko dai da iska a ciki. Ta ce, "Hajiya, ni na'urata ruwa take gani, abin da ta gani kuma na nuna maki."

Na gode wa matar nan har ta gaji. Amma ina da ƙorafi, kuma sai na faɗe shi. Da likitan farko ya tsaya ya ƙara mana magana ɗaya, ya ce sikanar ba ta ga jini ba amma in kunka ga wani canji ku dawo, da ba mu kai ga zarto ba. Ku da ke karanta wannan, in naku ya faɗi da ka har ya suma, anka ce hoto bai nuna komai ba, ku tambaya wane hoto, mi yake gani, mi ba ya gani. Kada ku yi saurin cewa ba na asibiti ba ne. Masu babur kuma, don girman Allah, kask a ka ake sa shi.

Gwaggo Tani ta ga hoton a wayar Rabi. Ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa, ta yaba launin, sannan ta ce, "To, na ji zare ya tsinke. Wa ya turo jakin?" Na mai da mata layarta, ta karɓa ba fushi. Har yau tana kan bakanta.

Yanzu abin ya ragu, bai tafi ba. In ya gaji hannun yakan tashi da rigimarsa, kuma ba zan ɓoye ba, in ya motsa kusa da ni har yanzu gabana yakan faɗi. Ya koma garaji, ƙananan gyara yake yi, hagun riƙe da kile, yana yi yana faɗin abin da yake yi kamar mai koyar da wani.

Kashegarin dawowarmu daga Yamai na je gidansu da safe. Rabi ta kawo ruwan ɗumi da tsumma za ta wanke masa wurin ɗinkin. Tun da anka yi ɗinkin bai taɓa kallonsa ba, in ana wankewa bango yake juya wa fuska. Ranar sai ya ce, "Kawo." Ya ɗora hannun a gwiwarsa, ya warware bandejin da kansa. Wurin ya yi ja ya kumbura, ga sawun haƙoran zarto a gefe. Ya daɗe yana kallo. Ya tsoma tsumman, ya matse, ya fara gogawa a hankali.

"Sannu," in ji shi. "Sannu. Na cuce ka."

Hannun ya fizge tsumman ya yar a ƙasa. Rabi ta zabura, ni ma na miƙe tsaye. Sale ya sunkuya ya ɗauko, ya ɗauraye shi a cikin ruwan, ya ci gaba da wankewa.